Faskaren Itace Tare da Ƙaramin Yaro a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan makarantar boko, Bahaushe yana da hanyar da yake bi wajen koyar da 'ya'yansa. Ba kasafai yakan zaunar da yaro ya yi masa dogon bayani ba. Yakan ja shi ne zuwa wurin aiki, ya ba shi ɗan abin da zai iya, ya sa masa ido. Gona da maƙera da marina da masaƙa duk azuzuwa ne a wannan tsari. A wannan babi za a ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan ayyukan gida, wato faskaren itace daga bishiyar da aka kayar, a duba yadda magidanci a ƙasar Daura yake gudanar da shi idan yana tare da ɗansa mai shekara shida ko bakwai. Manufa ita ce mai koyon aikin malanta ya ga irin hikimar koyarwa da ke cikin wannan aiki, ya kuma gane inda koyarwar ta kasa biyan bukatar yau, domin a nan ne aikin malamin makaranta yake farawa.

2.0 Ƙasar Daura da Itatuwanta

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, wato Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ƙasa ce mai yawan jigawa, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekara kuwa rani ne da hunturu da bazara. Itatuwan da suka saba da irin wannan yanayi su ne gawo da aduwa da magarya da kurna da bagaruwa da kanya da tsamiya da kuka da goriba, sai ƙananan tsirrai irin su sabara da kalgo da geza. Sunan Mai'aduwa ma, da na Magarya da ke hayin iyaka a Nijar, suna nuna matsayin itatuwa a rayuwar mutanen yankin. Akwai kuma darbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko dogon yaro ko maina. Ita baƙuwa ce daga Indiya, an fara dasa ta a Barno a 1928, amma yau babu garin da ba ta mamaye ba.

Itace shi ne babban makamashin girki a karkarar wannan yanki. Da shi ake tuwo da koko da dafa fura, da shi mai tsire da mai shayi da mai gidan burodi suke sana'a, da shi almajirai suke haskaka tsangaya da dare su ji ɗumi da hunturu. Saboda haka duk bishiyar da ta faɗi dukiya ce, kuma yadda za a yi da ita ba abin wasa ba ne.

3.0 Kalmomin Aikin

Ya kamata malamin Hausa ya bambance kalmomin wannan aiki, domin yara da yawa, musamman na birni, suna cakuɗa su. Sara shi ne bugun itace da gatari ko adda a karkace ko a gicciye domin a raba shi. Datsa ita ce yanke dogon itace gunduwa-gunduwa. Faskare kuwa shi ne tsaga gungume ta tsawonsa, kuma ana kiran itacen da aka tsaga da wannan suna. Gungume shi ne ƙaton guntun jikin bishiya, kututture kuma shi ne gindin da ya rage a ƙasa bayan an kayar da ita. Ƙirare su ne ƙananan busassun rassa da ake hura wuta da su. Sartse shi ne ɗan siririn tsinken itace da kan soki hannu ko ƙafa.

Gatari yana da sassa biyu: ruwa, wato ƙarfen da maƙeri ya ƙera, da ƙota, wadda masassaƙi yake yi. A gatarin Bahaushe ana huda kan ƙota ne a cusa wutsiyar ƙarfen a ciki. Wannan bayani yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba. Sauran kayan aikin su ne adda da barandami da dutsen washi da igiya da gammo, sai jaki ko amalanke idan kayan suna da yawa.

4.0 Yadda Aikin Yake Gudana

4.1 Kafin a Ɗaga Gatari

Darasi na farko da yaro yake koya ba na sara ba ne, na haƙƙi ne. A al'ada kowace bishiya da ke cikin gona tana da mai ita. Wanda aka ba aron gona ko jinginarta ba shi da ikon sare itatuwan cikinta sai da yardar mai gonar. Ko da iskar farkon damina ce ta kayar da bishiya, ba a taɓa ta sai an tambaya. Idan kuma a gandun daji take, ko tana cikin itatuwan da hukuma ta hana sarewa, to sai an nemi izinin malaman daji. Yaron da ya raka mahaifinsa zuwa wurin maƙwabci ko mai unguwa, ya ga ya durƙusa ya gaisa, ya nemi izini a kan abin da yake kwance a ƙasa babu mai gadi, ya riga ya koyi cewa rashin ganin mai abu ba ya halatta abin.

4.2 Duba Kayan Aiki da Wuri

Yawanci ana yin wannan aiki ne bayan kaka, da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Magidanci yakan fara da wasa gatari, domin dakusasshen gatari ya fi mai kaifi haɗari: ba ya kama itace, sai ya zame ya nufi ƙafa. Sannan yakan girgiza shi ya ji ko ruwan yana motsi. Da hunturu ƙota takan bushe ta tsuke, ramin ya yi wa ƙarfen yawa, har ya iya fita ya yi tsalle lokacin sara. Shi ya sa wasu suke tsoma kan gatari a ruwa tun da dare domin ƙotar ta kumbura ta riƙe.

Idan an isa wurin, ba a sa hannu ƙarƙashin gungume. Ana bubbuga shi da sanda ko ƙotar gatari, a juya shi daga nesa, saboda bishiyar da ta daɗe a kwance maɓoyar kunama ce da maciji, musamman kububuwa, wadda launinta yake sajewa da yashi da busasshen ganye. Ana kuma duba kogo ko akwai zuma ko rina. Bayan haka sai uba ya zaɓa wa yaro wurin tsayuwa. Akan ji ya ce:

"Kai, je ka gindin sabarar can ka tsaya. Kada ka matso sai ka ga na ajiye gatari na kira ka."

"To, Baba."

Wurin da ake zaɓa yana gefe ne, da tazara mai yawa. Ba a tsayar da yaro a gaban mai sara ko a bayansa, domin nan ne hanyar ƙarfe idan ya fita, kuma nan ne ɓarɓashin itace yake fallatsa.

4.3 Sassare Rassa da Datsa

Ana fara rage ƙananan rassa ne, daga wajen gindi a nufi sama, mai sara yana tsaye a ɗaya gefen gungumen ta yadda jikin bishiyar zai shiga tsakanin gatari da ƙafarsa. Reshen da ya fi haɗari shi ne wanda nauyin bishiya ya danne ya lanƙwashe. Yana nan kamar baka da aka ɗana. Da an sare shi sai ya ɓalle da ƙarfi ya bugi duk abin da ya tarar, ko kuma gungumen ya mirgino. Irin wannan reshe ana barin sa ne zuwa ƙarshe, a sare shi a hankali, yaro yana can nesa. Idan an gama da rassa sai a daddatsa jikin daidai tsawon da murhu zai ɗauka, wato kamar kamu ɗaya zuwa biyu.

4.4 Faskare

Faskare ba ƙarfi kawai yake so ba, yana son lura. Itace yana tsagewa ne ta bin tsawonsa, don haka gwani yakan duba kan gungumen ya nemi inda ya fara darewa, ya kai sara nan. Ba ya fara ƙaton gungume daga tsakiya, yakan ɓantari gefe-gefe ne har ya rage. Yana kuma kauce wa gaɓa, wato inda reshe ya fito, domin a nan itacen ya murɗe, yana riƙe gatari. Yakan ware ƙafafunsa domin in sara ya kuskure ya faɗa ƙasa tsakaninsu. Babban abin da ba a yi shi ne a sa yaro ya riƙe itace a sara.

Itatuwa sun bambanta. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, garwashinta yana daɗewa, shi ya sa maƙera suke son gawayinta. Marke da bagaruwa da aduwa suna da wuta mai kyau. Darbejiya tana da sauƙin samu, kuma tana saurin toho bayan an sassare ta. Kuka kuwa, duk girmanta, jikinta laushi ne da ruwa, ba ta da amfani a murhu. Tumfafiya ana gargaɗin yara a kanta saboda farin ruwanta yana cutar da ido. Ɗanyen itace kowane iri ne yana ɗauke da ruwa mai yawa, wutarsa ba ta da ƙarfi, hayaƙinsa ya fi yawa. Tsaga shi da jera shi a rana, a kan duwatsu don gudun gara, shi ne yake sa ya bushe da wuri.

4.5 Rabon Yaro

Sai an ajiye gatari yaro yake shigowa. Aikinsa shi ne tsince ƙirare, da jera faskare manya daban ƙanana daban, da miƙo igiya, da kawo ruwan sha. Daga nan a nuna masa yadda ake shimfiɗa igiya biyu a ƙasa, a jera itace a kai, a take da ƙafa a ɗaure. A ƙarshe a naɗa masa gammo a ɗora masa ɗan ƙaramin dami daidai wuyansa. Idan sun iso gida uwa takan tare shi da cewa, "Sannu da aiki, maigida!" ta hura wutar ranar da ƙirarensa, ta kuma tabbatar ya ga hakan.

5.0 Hikimar Koyarwa da Ke Cikin Aikin

Idan aka lura za a ga wannan aiki yana bin matakan da ake koya wa malamai a darasin dabarun koyarwa. Da farko yaro kallo yake yi. Daga nan sai ya taya da abin da ba shi da haɗari. Idan ya kai shekara goma ko fiye a ba shi adda ya sassare ƙananan rassa a gaban babba. Gatari kuwa sai ya zama saurayi, ƙashinsa ya yi ƙwari. Wato ana tafiya ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga abin da ido yake gani zuwa abin da hankali yake ganowa. Ana gyara kuskure nan take, ana kuma yaba ƙoƙari a gaban jama'a.

A cikin safiya ɗaya yaro yana samun sunayen itatuwa da kayan aiki, wanda darasin harshe ne. Yana ƙidaya da rarrabewa da auna tsawo, wanda lissafi ne. Yana gane dalilin da ya sa busasshe ya fi ɗanye sauƙin ɗauka, wanda kimiyya ce. Yana kuma jin karin magana a muhallinta. Yaron da ya gwada lanƙwasa ɗanyen reshe ya ga ya bi, ya gwada busasshe ya ga ya karye, ba ya bukatar dogon sharhi a kan "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Wanda ya ga sabbin ganye a jikin kututture ya fahimci "sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho". Addini ma ya ƙarfafa wannan tarbiyya, domin ya zo a hadisi cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya rufa wa kansa asiri ya fi masa alheri a kan roƙo.

6.0 Iyaka Tsakanin Tarbiyya da Bautarwa

Ba duk yaron da aka gani da itace a ka ne ake tarbiyyantarwa ba. Ana iya gane bambancin ta hanyar tambayoyi huɗu. Shin akwai babba tare da shi? Shin kayan daidai ƙarfinsa ne? Shin an ba shi makami kafin lokacinsa? Shin aikin ya hana shi zuwa makaranta? Yarinyar da take tafiya mai nisa ita kaɗai neman ƙirare kullum, ta iso aji a makare tana gyangyaɗi, ko almajirin da ake turawa daji ba tare da babba ba, ba sa cikin tsarin da aka bayyana a sama.

Dokar 'Yancin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta yarda yaro ya taya iyalinsa ƙananan ayyukan gida da na gona, amma ta hana a ɗora masa kayan da nauyinsu zai cutar da girmansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu a makaranta. Malami shi ne yakan fara ganin alamu: ciwon wuya, da sartse da ya ruɓa a tafin ƙafa, da yawan fashi a lokacin hunturu. Abin da ya dace shi ne ya samu mahaifin yaron cikin ladabi, ko ya bi ta hannun shugaban makaranta da mai unguwa, ba ya kunyata yaron a gaban 'yan'uwansa ba. Ya kuma sanar da yara cewa wanda maciji ya sara asibiti ake kai shi nan da nan, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa.

7.0 Kututture: Darasin da Ya Rage

Tarbiyyar gargajiya ta ƙware wajen koyar da yadda ake sara, domin ta ginu ne a zamanin da daji yake da yawa mutane kaɗan. Ko a wancan zamani akwai kariya. Ba a sare ɗorawa da tsamiya da kanya barkatai saboda 'ya'yansu, kuma camfin cewa iskoki suna zama a tsamiya da kuka ya tsare itatuwa da dama. Gawo yana da daraja ta musamman saboda yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Har ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, da ƙaruwar jama'a, da faɗaɗa gonaki, sun sauya lamarin. Itace ya yi nisa ya yi tsada, har gidaje da yawa suka koma girki da kara da kashin shanu, waɗanda da a gona ake barin su su zama taki. Iska ta samu hanyar kwashe ƙasa, amfanin gona ya ragu.

Maganin da ya fi tasiri ya fito ne daga maƙwabta. Daga 1983, a yankin Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman wurin suka lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan da saiwoyinsu suke da rai. Maimakon a share su duka a ƙone, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a bari, a rage sauran. Saboda saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, suna girma da sauri fiye da dashe, kuma abin da aka rage shi ne itacen girki. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta taimaka wajen farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, ciki har da gonakin gawo na Magarya da Matamai da Mirya, waɗanda ba su da nisa da Daura. A shekarun 2010 wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi ya yaɗa wannan dabara tare da murhu mai tsimin itace a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin Katsina, wato biyar na masarautar Daura da Mashi da Dutsi. Har ila yau, Katsina tana cikin jihohi 11 na farko da aka sa a shirin kafa ganuwar itatuwa a bakin hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015.

Murhu mai tsimi yana da amfani biyu. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, sannan hayaƙinsa yana shiga ƙirjin uwa da goyonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi hayaƙin girki ne, tana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara.

Saboda haka aikin faskare bai ƙare da ɗaure dami ba. Matakin ƙarshe shi ne a koma ga kututture. Kada a cinna masa wuta, kada a tone shi. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a nuna wa yaro, a ce masa shi ne mai kula da shi.

8.0 Amfani da Wannan Batu a Aji

Malami ba ya bukatar kawo gatari cikin aji. Yana iya sa yara su kawo ganye ko 'ya'yan itatuwa su faɗi sunayensu da amfaninsu. Yana iya gayyato masassaƙi ko malamin daji ya yi musu bayani. A darasin insha'i yana iya sa su bayyana matakan aikin bi da bi, suna amfani da kalmomi irin su da farko, daga nan, bayan haka, a ƙarshe. A darasin nahawu kalmomin sara da sare da sassare da saro sun isa misalin yadda aikatau yake sauya siga da ma'ana. Mafi amfani duka shi ne aji ya zaɓi kututture ɗaya a harabar makaranta ko a gonar da ke kusa, da izinin mai ita, ya riƙa auna tohonsa kowane wata yana rubutawa.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda magidanci a ƙasar Daura yake shigar da ƙaramin yaro aikin faskare mataki-mataki: neman izini, da duba kayan aiki, da tsayuwa nesa da gatari, da ɗaukar abin da ya dace da ƙarfinsa. An ga iyakar da ta raba wannan da bautar da yara. An kuma nuna cewa ƙarancin itace ya wajabta ƙarin darasi guda, wato renon kututture da tsimin makamashi, wanda gida da makaranta za su haɗu su koyar.

10.0 Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin sara da datsa da faskare, tare da jimla ɗaya ga kowace kalma.
2. Me ya sa ba a tsayar da yaro a gaba ko a bayan mai sara?
3. Kawo karin magana biyar da suka ƙunshi sunan bishiya ko kayan sara, ka bayyana ma'anarsu.
4. Yi bayanin sassaben zamani da dalilin da ya sa toho yake saurin girma fiye da dashe.
5. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji uku na firamare a kan itatuwan garinku.